Yadda za ku dasa icce a makaranta ya tsallake rani, ɗalibai kuma su riƙe shi a matsayin nasu

Malamai 'yan uwana na firamare da sakandare, musamman mu na nan jihar Kebbi, dan Allah duk wanda ke da niyyar ɗalibansa su yi dashen icce bana ya ɗan tsaya ya karanta wannan kafin ya fita neman abin dasawa. Duk shekara in damina ta faɗi makarantu da yawa na dashe, a jera yara, a gayyato baƙi, a ɗau hoto, kuma niyyar mai kyau ce ba shakka, amma ka koma makarantar cikin Maris ko Afrilu ka duba, galibi sai ka iske rami da guntun kara, awaki sun ci wasu, gara ta ci wasu, sauran ƙishirwa ta gama da su. Abin na min ciwo wallahi, dan yaron da ya dasa da hannunsa yana kallo, kuma darasin da zai tashi da shi ke nan, cewa dashen icce hidimar yini ɗaya ce. Ranin farko shi ne mai wuyar, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan kansa yake.

Fara da ruwa, kuma ruwan rani nake nufi. Ka tsaya cikin makarantarku ka tambayi kanka, a watan Afrilu lokacin da rana ke dukan kwanon aji, ina za mu samu ruwa? In akwai bohol ko famfon tuƙa-tuƙa mai aiki ko rijiya kusa, madalla. In sai an sayo daga 'yan garuwa, to yi lissafi tun yanzu. Ƙaramin dashe cikin rani na son kamar lita 10 sau uku a sati. Dashe 50 ke nan lita 1,500, wato jarka 60 mai cin lita 25 duk sati, tun daga Nuwamba har ruwa ya sake sauka. Wa zai ɗebo, wa zai biya? In ƙarfinku na dashe 20 ne ku dasa 20 ɗin, ba abin kunya ba ne ko kaɗan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma kar ku manta da ruwan alwala, masallacin makaranta kullum yana zubar da ruwa, ku ja 'yar hanyar ruwa zuwa gindin icce biyu ko uku, ko ku aje baho yara su riƙa alwala a ciki ana kwashewa. Ruwan wanki mai omo da yawa ne dai kar a riƙa zuba wa ƙaramin dashe.

Sai mutane. Firinsifal ko hedimasta dole ya san da maganar tun farko, haka kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Amma mutum biyu ne aka fi mantawa da su kuma su ne suka fi amfani, Baba maigadi da mai gari. Maigadi shi ke nan lokacin hutu, shi ke ganin akuyar wa ta shigo, ku je ku same shi da girmamawa, ku ce Baba ga abin da muke so mu yi, ka zaɓi wurin da kake son inuwa kusa da ƙofa mu dasa maka naka. Mai gari kuwa, ko uban ƙasa in garin babba ne, shi zai yi wa masu dabbobi magana su ji, abin da malamin makaranta zai yi wata guda yana roƙo.

Wajen ɗalibai, ku kafa kulob ɗin muhalli amma kar ya zama na suna. Kowane icce a ba shi ɗalibi biyu, a rubuta sunansu a littafi da lambar iccen, kuma a tabbatar ɗaya daga cikinsu gidansu na kusa da makaranta saboda hutu. Iccen da aka ce na kowa ne babu mai ba shi ruwa. Ku zaɓi 'yan aji ɗaya na sakandare ko 'yan aji huɗu na firamare, masu sauran shekaru a makarantar, su ga abin da suka dasa ya wuce tsawonsu kafin su fita, 'yan ajin ƙarshe su zama masu taimako wajen haƙa da shinge. A sa 'yan mata daidai da maza, su ne ma suka fi sanin tsadar iccen girki da amfanin zogale da kuka a tukunya. Abu ɗaya kuma da nake roƙo da babbar murya, kar a mai da ban ruwa horo. Ranar da aka fara cewa wanda ya yi latti ya ɗebo bokiti uku ya zuba wa itatuwa, ranar aka raba yaran da itatuwan, za su riƙa watsa ruwan ko'ina cikin fushi su wuce.

Ina za a samu dashen? Akwai sashen gandun daji a ƙananan hukumomi, akwai ma'aikatar muhalli a Birnin Kebbi. Jiharmu na cikin jihohi 11 na bakin hamada da ke cikin shirin Great Green Wall, ganuwar itatuwan nan da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 daga Senegal har Jibuti, wadda Najeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015, mu da Sakkwato da Zamfara da Katsina duk muna ciki. Akwai kuma wani shiri mai suna ACReSAL na Bankin Duniya da ke aiki a jihohin arewa 19 da Abuja kan gyaran ƙasar da ta lalace. Ku rubuta takarda da hatimin makaranta tun watan Afrilu, ku faɗi irin iccen da kuke so da adadinsa da inda za ku samu ruwa, ku kai da hannu, ku kuma koma bibiya. In an samu alhamdu lillahi. Amma kar ku naɗe hannu kuna jira, dan renon dashe a makaranta ba shi da tsada, kuma a nan yara suka fi koyon abu.

Kafin reno sai a san me za a rena, kuma Kebbi ba ɗaya ba ce. Malamin da ke Kangiwa ko Kamba ko Augie, inda ƙasa rairayi ce damina kuma gajera, ba zai zaɓi abin da na Yawuri ko Zuru zai zaɓa ba, can ruwa na riga sauka kuma yana daɗewa. A arewacin jiha ku riƙe masu jure ƙishi, dogon yaro dan inuwa, bagaruwa, aduwa, kurna, magarya, gawo, kuka da tsamiya. A kudu za ku iya ƙarawa da mangwaro da gwaba da kashu da maɗaci ba tare da wahala sosai ba. Zogale kam ko'ina, kuma ina ba da shawara kowace makaranta ta sa shi dan yana saurin girma, cikin 'yan watanni yaro zai tsinki ganye ya kai gida, wannan ke riƙe masa ƙwarin gwiwa yayin da tsamiya ke tafiyarta a hankali. Mangwaro ku nemi mai aure, shi ke 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Ɗorawa da kaɗanya suna daɗewa ƙwarai, kaɗanya takan haura shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, amma ku sa ko ɗaya ko biyu, su ne ke ƙarewa a gonakinmu ba mai maye gurbinsu. Iccen turare kuwa yana shan ruwa da yawa, kar a sa shi kusa da rijiya ko lambun makaranta.

Reno ana fara shi wata uku zuwa huɗu kafin dashe, wato cikin Maris ga wanda zai dasa a Yuli. Ku sa yara su tsinto ledar fiya wata da ke zube a harabar makaranta da bakin kasuwa, kun ga an yi shara an kuma samu tukunyar reno kyauta. A yanke bakin ledar, a huda gindinta wuri uku ko huɗu dan ruwa ya riƙa fita, a haɗa ƙasar gona kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a cika a jera su a inuwa, ƙarƙashin icce ko 'yar rumfar zana, wurin da za a iya rufewa saboda kaji da awaki. Ga manyan iri irin mangwaro ledar fiya wata ta yi ƙarama, sai a nemi babba.

Iri kuma kowanne da halinsa. Na zogale ba ya son komai, ka tura shi cikin ƙasa kamar gaɓar yatsa ɗaya, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya fito. Na dogon yaro ba ya ajiyuwa, ku tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a wanke naman a shuka cikin 'yan kwanaki, in ya yi makonni a aje yawanci ba ya tsirowa, kuma da damina za ku ga ƙananan da suka fito da kansu a gindin manyan, ana iya ciro su da ƙasarsu a sa a leda. Masu taurin ɓawo irin kuka da bagaruwa da gawo su ne ke sa mutane su ce irin ya mutu alhali ruwa ne bai shiga ba. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin a ciki a bar shi ya kwana, da safe waɗanda suka kumbura a shuka su. Ko a ɗan kankare gefen ɓawon da abin yanke farce har a ga fari kaɗan. Aikin ruwan zafin malami ya yi da kansa. Kuma da halin tsaron da ake ciki a wasu yankunanmu, kar a tura yara daji neman iri, na cikin gari da na gonakin bakin gari da na kasuwa ya isa. Ana ban ruwa safe da yamma, duk sati biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri kar saiwa ta huda ta kama ƙasa, in ya rage sati biyu a dasa sai a rage inuwa da ruwa su saba da rana.

Lokacin dashe, na san ranar 5 ga Yuni ce ranar muhalli ta duniya, 17 ga Yuni kuma ta yaƙi da hamada da fari, kuma ana son a yi dashe a ranakun. A kudancin jiha zai yiwu. A arewa sau da yawa ruwa bai zauna ba tukuna, an yi ɗaya ko biyu sai a ɗauke. Ku yi taronku da jawabi da haƙa ramuka a ranar, dashen kuwa ku jira sai ƙasa ta jiƙe sosai, ka tona kamar tsawon hannu ka ji danshi, galibi ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, kafin a tafi dogon hutu, ruwan Agusta ya yi muku renon. Dashen Satumba wahala ce, saiwa ba ta kama ba ruwa zai ɗauke.

Rami ya kai kamu guda faɗi da zurfi, kusan rabin mita. Ƙasar sama a aje gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya, a cuɗa ta saman da ruɓaɓɓen taki a fara mayar da ita. Dogon yaro da maɗaci a ba su tazarar mita 5 zuwa 6, mangwaro kamar 10, a nisanta su da bangon aji da masai, kar kuma a sa ƙarƙashin wayar lantarki, a bar wa yara filin ƙwallonsu in ba haka ba su da kansu za su tattake. A dasa da yamma. A tsaga ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba, sau da yawa yaro zai binne dashe da ledarsa in ba a nuna masa ba, dan haka malami ya yi na farko kowa na kallo. A sa shi daidai zurfin da yake a leda, a danne da ƙafa a hankali, a yi masa ɗan kwari kewaye dan ruwa ya tsaya. In wurin gangare ne ko fako, a yi masa kunya mai siffar rabin wata ta ɓangaren ƙasa, bakinta na kallon inda ruwa ke gangarowa, yadda manoman Nijar ke yi.

Yanzu shinge, kuma a nan nake so ku fi kashe ƙarfi. Ranar da aka dasa ranar za a kewaye, kar a ce sai gobe, akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin wata huɗu kafin a fito sallar la'asar. Da damina dabbobi na ɗaure saboda gonaki shi ya sa mutane ke sakankancewa, amma da an gama girbi aka sake su, ciyawa ta bushe, ɗan koren ganyen nan na makaranta shi kaɗai za su gani. Mafi sauƙi a kafa sanduna huɗu masu ƙwari a kewaye da ƙayar magarya ko bagaruwa, a ɗaure da kyau, tsawon ya kai ƙirjin babban mutum dan akuya na miƙewa da ƙafar baya, faɗin kuma ya isa yadda ba za ta zura baki ta kai ga ganye ba. Ƙayar a sassabo rassa, kar a sare icce dan a kare icce. In akwai fasassun bulo ko tubalin ƙasa a jera su da 'yan ƙofofi iska na shiga, wannan ya fi daɗewa. Kara da zana suna yi amma gara na bin su, sai an riƙa dubawa. Makarantar da ba ta da katanga ta yi tunanin shingen aguwa ko bini da zugu, dabbobi ba sa cin su, sai dai a gargaɗi yara sosai, ruwan aguwa na cutar da ido, 'ya'yan bini da zugu kuma guba ne.

Gara ta fi kama dashen da ya galabaita da ƙishi, ko wanda aka sa wa ɗanyen taki. A barbaɗa toka a rami da kewayen gindi, a jiƙa dakakken ganyen dogon yaro a riƙa zuba ruwan. Busasshiyar ciyawa a gindi na riƙe danshi, amma kar ta taɓa jikin dashen. Dabarar da ta fi rage wahalar ruwa ita ce tulu, irin na ƙasa da ba a shafe ba, a binne shi har wuya kusa da dashen, a cika a rufe bakin, ruwan na tsatsowa a hankali kai tsaye wurin saiwa, rana ba ta shanye shi. In ba kuɗin tulu, robar lemo babba da aka huda da allura ta yi.

Littafin nan da na ambata a riƙa buɗe shi duk wata. Kowane biyu su auna iccensu da rula ko igiya su rubuta tsawo, su rubuta in ya yi sabon ganye ko wani abu ya ci shi, malamin lissafi da na kimiyya sun samu darasi a shirye. Kafin kowane hutu, musamman na wajen Afrilu mai zafin nan, a zauna a raba kwanaki, wa zai zo yaushe, a ba Baba maigadi takardar, a kuma sanar da iyaye dan kar a ga yarinya ta fita da bokiti a hana ta.

Wayar da kai kuwa, jawabin asambuli kan ɗumamar yanayi bai kai aikin gida guda ɗaya ba. Ku ce kowane yaro ya je ya tambayi kakansa ko kakarsa itatuwan da ke kewaye da garin lokacin ƙuruciyarsu waɗanda yanzu babu, da inda ake zuwa yin icce da inda ake zuwa yanzu. Za su dawo da sunaye, kirya, marke, ɗinya, kanya, giginya, wasu yaran ba su taɓa ganinsu ba, a rubuta a allo a bar shi. Wani satin su ƙirga masu amfani da icce a unguwarsu, masu gumin shinkafa, masu bandar kifi irin na Yawuri da Argungu, gidan burodi, masu gawayi, da murhun gidansu, ba dan a zargi kowa ba, sana'ar iyayensu ce, sai dan su ga yawan abin da ake cirewa su kwatanta da wanda ake mayarwa. Ku kai su gindin gawo da damina su ga ya zubar da ganye lokacin da kowa ke kore, su ga yadda gero ke kyau a ƙarƙashinsa, su gane me ya sa tsofaffin manoma ba sa sare shi. Malamin addini ya tuna musu hadisin da ya ce Musulmi ba zai dasa icce ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci, face an rubuta masa sadaka.

Ga yaran da iyayensu ke da gona, ku koya musu abin da maƙwabtanmu na Nijar ke kira sassaben zamani. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa shi a yankin Maraɗi daga 1983, bayan an yi ta dashe yana mutuwa. Kututturen da ke tohowa a gona, su sabara da kalgo da gawo, maimakon a sassabe duka a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a cire sauran, a riƙa gyara su duk shekara. Saiwar na nan da ranta tun da daɗewa, ba ban ruwa ba leda. An ƙiyasta ta wannan hanya Nijar ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Yaro ya roƙi babansa kututture biyar kacal a gefen gona ya gwada.

In shekara ta zagayo, farkon damina, a fito da littafi a bi ramuka ɗaya bayan ɗaya tare da yaran a ƙirga masu rai, wanda ya mutu a tone a duba dalili, gara ce ko ƙishi ko dabba, a rubuta, a maye gurbinsa daga reno kafin a yi maganar ƙara sababbi. Wannan adadin na masu rai shi za ku kai ma'aikata in kuna neman ƙarin dashe ko waya ta shinge. A rani na biyu dogon yaro da bagaruwa da aduwa sai a rage musu ruwa zuwa sau ɗaya a sati, mangwaro da gwaba a ci gaba da ba su. Shinge kuwa kar a cire sai kan iccen ya wuce inda akuya ke kaiwa, jikinsa kuma ya yi kaurin da saniya ba za ta karya shi ba in ta soshe jiki da shi.